Minti Huɗu na Mai Busa Kaho

"Ja shi a hankali! Don girman Allah kada ka tsinka min shi!"

Baba Mai Jarida ne yake min faɗa daga kan katifa, muryarsa da ƙyar take fita. Bidiyonsa ya haɗiye kaset, ni kuma ina durƙushe da sukundireba, zaren ya cukurkuɗe a ciki kamar hanjin kaza. Shagona na gyaran rediyo a jikin katangar gidansa yake. 'Yarsa ce ta je ta kira ni ko takalmi babu. Kwana shida ke nan da likita ya ce su koma gida da shi kawai.

"Baba, tsohon fim ɗin ɓarayi ne fa," na ce. "Ka huta, gobe sai in gyara."

"Wa ya ba ka goben? Gyara yanzu."

Ina aiki yana ba ni labarin, yana tsayawa yana neman numfashi. Fim ne baƙi da fari. Wani ɗan fashi ya kashe abokinsa, ya ɓuya a gidan rawa, 'yan sanda suna bin tebur tebur suna duba fuskoki. A kan dandamali kuwa masu kiɗan jaz ne. Sai duk su yi shiru, mai kaho ya busa shi kaɗai har minti huɗu.

"Mai kahon nan ƙanina ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Na ɗago kai.

"Shekara arba'in da shida da suka wuce, ni na yi wa jarida sharhin fim ɗin. Don kada a ce na yi son kai, na rubuta cewa busarsa kamar kukan akuya ce. Mutane suka ɗauka. Ko'ina ya bi sai a yi masa meee. Ya sayar da kahon, ya koma tuƙin babbar mota. Har ya rasu bai sake taka gidana ba."

"Jiya na kira masa editan jaridar don a buga sabon sharhinsa," in ji 'yar. "Wai babu wanda ya tuna fim ɗin, kuma ba su da fili."

"Ko a bango ne a manna," ya ce. "Amma sai na sake gani. Ban taɓa yin sharhi da ka ba."

Zaren dai ya fito, sai dai na'urar ta tauna kusan gaba biyu. Babu yadda zan yi. Na yanke wurin da almakashi, na haɗa bakin da salatif. 'Yar ta jingina shi da filo biyu, ta ɗauko takarda da biro.

Hoton ya zo yana tsalle. Ga hayaƙin taba, ga ɗan fashin yana gumi a lungu. Sai wani siririn saurayi cikin farar kwat ya ɗaga kaho ya rufe ido. Ni ban san jaz ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Kamar mutum ne yake roƙon a buɗe masa ƙofa. Bai wuce minti ɗaya da rabi ba, hoton ya yi tsalle, sai ga ɗan fashin da ankwa a hannu.

"Ina sauran?"

"Baba, shi ne wurin da na'urar ta cinye."

Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Na yi zaton zagina zai yi. Da ma ya zage ni.

"Mayar baya."

Na mayar. Sau tara ina mayarwa, kowane karo sai ya miƙo wuya kamar wannan karon sauran zai fito.

"Rubuta," ya ce wa 'yar. "Mai busa kahon nan…" Tari ya sarƙe shi. Ta ba shi ruwa a cokali, rabi ya zube a gemunsa. "Ya iya. Rubuta ya iya."

Ta rubuta. "Shi ke nan, Baba?"

"Ina! Akwai saura da yawa. Bari in ɗan huta."

Muka jira. A titi wata mota tana ta hon, yara suna dawowa daga makaranta. Can na lura ƙirjinsa ya daina ɗagawa. Na taɓa wuyansa, na yi salati, na shafa idanunsa suka rufe.

'Yar ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ajiye biron a kan tabarma, ta ɗauki wani kwali, ta shiga kore masa ƙuda daga fuska.