Sanda a Gurara

Shekarar da damina ta ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, ƙungiyar manoman Ƙarfi ta shirya tafiya kudu ganin yadda ake noman rani. Sanda bai so zuwa ba. Matarsa Mairo ce ta matsa, don ta gaji da ganinsa zaune bakin gona yana kallon ganye na naɗewa. Ya tafi tare da ƙanensa Shitu, wanda suke noma gandu ɗaya tun rasuwar mahaifinsu.

A hanyar dawowa direba ya ratse da su Gurara, wai su ba idonsu abinci. Tun kafin su sauka suka ji rugugi kamar hadari ya taso. Wani mai yi wa baƙi jagora ya shige gaba, yana cewa su riƙe juna, duwatsun akwai santsi.

Da suka zagaya wani dutse, Sanda ya tsaya cak. Ruwa ne fari fat yake zubowa daga sama, faɗinsa ya fi gonarsu, feshinsa kawai ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Malam, ina yake zuwa?" ya tambayi jagoran, sai da ya ɗaga murya.

"Kogin Kwara, daga can sai teku."

"Ba mai tare shi?"

"Wa zai iya? Haka yake zuba dare da rana."

Sauran manoma suna ta dariya suna wanke fuska. Sanda kuwa ya tsuguna, ya kamfaci ruwan da hannu, ya bar shi ya tsiyaye.

Nan Shitu ya matso kusa da kunnensa. "Yaya, ni ba zan koma gida ba. In mun kai Suleja zan sauka. An ce ana ɗaukar leburori a ginin Abuja."

Sanda ya san ba zai iya gandun shi kaɗai ba.

"Allah ya tsare," ya ce.

A Suleja Shitu ya sauka da ƙunshin kayansa. Sanda ya iso Ƙarfi washegari da la'asar, sama tas, ko gajimare babu. Mairo ta leƙa bayansa, ba ta ga Shitu ba.

"Ya zauna can neman aiki," in ji Sanda.

Ya ɗauki lauje ya nufi gona, ya fara yanke dawar yana tara wa awaki.