Rijiyar da Take Kwanciya

Babanmu, Malam Issoufou, rijiya arba'in da ɗaya ya haƙa da hannunsa a ƙasar Dakoro, kuma ba ya bari a manta da ɗayar. A 2013 na kawo shi Harlem, inda nake zaune a ƙetare, aka cire masa yanar ido. Yana warwarewa sai ga ƙanena Souley da takardar aiki daga jihar Dakota ta Arewa, wurin haƙar mai. Washegari zai tashi, amma ya rantse ba zai hau jirgi ba sai Baba ya sa wa aikin albarka.

Da yake ya san halin tsohon, bai zo da surutu ba. Dutsen da aka haƙo daga rijiyar mai ya ajiye masa a kan tabarma, baƙi, kamar guntun sabulun salo.

Baba ya juya shi, ya shinshina, ya ɗan lasa yadda yake yi wa ƙasar rijiya, ya tofar.

"Kananzir! Cikin dutse? Gaba nawa kuka iske shi?"

"Kilomita ukku, Baba. Kuma in an kai can, sai a karkata ƙarfen, rijiyar ta kwanta, ta yi wasu ukkun a kwance."

Wallahi ban taɓa ganin bakin Baba a buɗe haka ba. Mutumin da zurfin gaba sittin ne taƙamarsa! Ya sa Souley ya zana masa a bayan takardar tallan shagon kitsona, ya bi zanen da yatsa har sau uku yana tasbihi. Ni kaina na shagala, na bar shinkafa ta kama.

"Allah mai iko. To mi ka fasa dutsen?"

"Ruwa, da yashi, da magani. Ana tura su da ƙarfi."

"Ruwa nawa?"

"Rijiya guda ta kan sha motar tanki ɗari biyar, ko fiye."

Baba ya yi lissafinsa na garuruwa da garkunan da ruwan zai shayar, leɓensa na motsi.

"Shina dawowa?"

"Wani na dawowa. Sai dai ya ɓaci, sai a zurara shi wani rami mai zurfi."

"Ni duk rijiyar da na gama, ni ka fara sha gaban mutane, kahin yaro ko akuya su taɓa. Ku wa ka fara sha?"

Souley ya dubi tabarma. Tausayinsa ya kama ni, don shekara shida ya yi yana tuƙa tasi yana karatun haƙar man nan.

Can Baba ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya roƙa masa sauka lafiya, da tsari daga sanyi da ƙarfe, da abokan zama na kirki, har da mace tagari. Ya shafa, ya jawo sandarsa zai yi alwalar la'asar.

Souley bai shafa ba. Hannayensa na sama, yana jira a ambaci aikin, har muka ji Baba ya kunna famfo.