Ƙasar Tudu da Ƙasar Bakin Tafki

"Maimaita! Ga ni ga ki, maimaita abin da kika faɗa a shagon gyaran gashi!"

Hertha ce ke wannan ihu a tsakiyar kicin ɗin Paraska. Ko takalmin roba ba ta cire ba, ga tiren dashen tumatir ta rungume a ƙirji kamar jinjiri.

"Me na ce? Cewa na yi irin da kika ba ni mai cuta ne. Ƙarya na yi?" Paraska ta ci gaba da murza ƙullin fulawarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin ce da gangan na yi!"

"To, wannan ƙarin gishiri ne. Labari ba ya daɗi lami."

Shekara arba'in ke nan matan nan biyu suna maƙwabtaka a nan lardin Saskatchewan, gona na kallon gona, kuma duk shekara sai sun yi musayar iri. Sai dai bara Paraska ce ta cinye gasar tumatir a bikin amfanin gona, Hertha ta zo ta biyu. Saboda haka da shukar Paraska ta fara lalacewa a kan taga, ba ta sha wahalar neman mai laifi ba. Kafin mako ya zagayo har matar fasto ta ji.

Hertha ta dire tiren a kan tebur. "Ga nawa. A ambulan ɗaya na ɗebo mana irin, tsohuwar banza. Dubi ganye!"

Ganye kam ga shi nan, kore shar. Paraska ta saci kallo, ranta ya ɗan sosu. Ta tagar tana hango ɗanta Myron a tsakar gida yana ta cika injin shuka da waken fis. Gobe da sassafe zai zuba shi kaf a gonar arewa, kuma a kan waken nan ya ɗora duk begensa na bana, don alkamar bara fari ya cinye ta.

Hertha ta nufi tagar da niyyar ƙara cin fuska. Gwangwanaye goma sha biyu ne a jere. Ta duƙa, ta gyara tabarau, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, zo nan. Me ya sa na jan gwangwanin kofi ne kaɗai suka nannaɗe kamar yatsun mai sanyin ƙashi? Waɗannan biyar na robar madara ai lafiyarsu ƙalau."

"Su ma suna hanya."

"Ba sa hanyar ko'ina. Wace ƙasa kika zuba musu?"

Paraska ba ta taɓa sayen ƙasar shago ba, a cewarta wannan aikin malalata ne. Kowace kaka, kafin ƙasa ta daskare, takan ɗauki bokiti ta bi tulin da kurege ke tonowa a gona, don ƙasarsa laushi gare ta kamar an tankaɗe. Ta tsaya tana tunani, hannu duk fulawa.

"Bokiti biyu na ɗebo a gonar arewa. Ɗaya a kan tudu. Ɗayan a bakin tafkin nan na agwagin daji, wanda marigayi maigidana ya hana a cike. Na tudun na fara zubawa a jan gwangwani, da ya ƙare na buɗe ɗayan."

Daidai nan Myron ya shigo neman kofi, hannunsa baƙi ƙirin da man inji.

"Mama, har daga waje ake jin ku. Inna Hertha, yau kuma wa aka kashe?"

"Uwarka ce ta kashe tumatir ta ɗora min gawa. Kai yaro, me ka fesa wa gonar arewa bara?"

"Maganin ciyawa ne, na ƙayar nan mai taurin kai da ke cikin alkama. Ai ya daɗe da..."

Bai ƙarasa ba. Ya ajiye kofin, ya ɗauki jan gwangwani ɗaya ya juya shi a haske. Ya ɗauki na roba. Paraska ta ga wuyansa ya yi ja, kamar na ubansa idan lissafi ya ƙwace masa.

"A tudu kika ɗebi wannan, Mama?"

"Yanzu na gama faɗa."

"Maganin nan sai ƙasa ta jiƙa take cinye shi. Bara kuwa tun daga Yuni ko ɗigo ba mu gani ba. A bakin tafki akwai danshi, ya narke ya tafi. A tudu yana nan kwance da ransa." Ya sauke numfashi. "Kuma yadda yake yi wa tumatir, haka yake yi wa fis. Gonar arewa kuwa rabinta da wani abu tudu ce."

Paraska ta laluba kujera ta zauna. Kwana ɗaya tak ya rage. Da an zuba waken nan, da sai dai a tsaya a bakin gona ana kallon sa yana nannaɗewa, kamar yadda ta yi mako uku tana kallon taga.

"Sha'ir zan sa a can, shi babu ruwansa," in ji Myron. "Fis ɗin ya koma gonar kudu, ita ban fesa mata ba." Ya sumbaci uwarsa a ka. Ya juya ya rungume Hertha da hannun man nan nasa, ta ture shi tana duba rigarta. "Inna, kin ceci shekarata. Allah ya bar mana ke." Ya fita da sauri.

Paraska ta kalli gwangwanayenta marasa lafiya, ta ji kamar ta shafa kansu ɗaya bayan ɗaya. Ta gode wa Allah a ranta, ta gode wa marigayi da taurin kansa a kan tafki, har kuregen ma ta sa masa albarka. Godiyar Hertha ce kaɗai ta ƙi fitowa. Ta tashi ta zubo mata kofi, ta yanko mata kek ɗin da take ɓoye wa baƙi, yanka mai kauri.

"Ba kek na zo ci ba," in ji Hertha. "Ina jira."

"Na gode, ƙawata. Har cikin raina."

"Da kuma?"

"Da kuma me?"

"Shagon gyaran gashi! Matar fasto!"

Paraska ta gyara zama. "To, ai ke ma sai ki gode min. Da ban ɓata miki suna ba, yaushe za ki tako gidan nan da safiyar Talata har ki duba tagata?"

Hertha ta galla mata harara. Ta sa hannu za ta ɗauki tirenta, sai ta dubi jan gwangwanayen nan, ta ja tsaki ta tura tiren gaban Paraska.

"Ki dasa su a ƙasar kirki. A gasar bana, so nake in kayar da ke da gaskiya."

Ta suri kek ɗin, ta fice, ta bugo ƙofa har gwangwanayen taga suka yi rawa.