Karan Awo

Ranar Lahadi na tsaya gaban matasan cocinmu a Maisandari na faɗa musu abin da ya daɗe yana cina. Na ce mun zama ƙungiyar ɗinka anko da ɗaukar hoto. Na ce idan an cire kiɗa da zoɓo daga taronmu, ba wanda zai sake zuwa. Na ce bangaskiyar da ba ta taɓa sa mutum gumi ba, ado ce kawai. Ba wanda ya tafa. Phebe, mataimakiyata a shugabancin matasa, ta ce, “Godwin, ka gama, ko mu kawo maka ruwa?”

Ranar Laraba Baba Ishaku, wani tsoho ɗan cocinmu, ya rasu. Shi da matarsa, Mama Florence, sun gudo daga ƙauyensu ne shekara goma da suka wuce, ba ɗa, ba ƙane. A garinsu samarin dangi ke haƙa kabari. A nan ba su da kowa. Da na je gaisuwa, ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, wa zai haƙa wa babanku?”

Na ce, “Mama, matasa za su haƙa. Kafin ƙarfe goma na safe kin same shi a shirye.”

Sai da na fito na tuna waɗanne matasa nake nufi.

Na rubuta a guruf ɗinmu na waya: gobe ƙarfe shida, aikin kabarin Baba Ishaku. Mutum talatin da ɗaya suka karanta. Ba wanda ya amsa, ko da “to”.

Shida saura na isa maƙabarta da diga, da shebur, da tef ɗin awo da na aro. Ba kowa sai mai gadi. Shida da rabi, ba kowa. Na zaɓi wani fili kusa da katanga, na auna ƙafa shida, na ja layi, na fara sara.

Ban taɓa riƙe diga ba. A jami'a lissafi na karanta. Kafin bakwai tafin hannuna ya yi bororo, ramin kuwa bai kai gwiwa ba. Ina sara ina tsara jawabin da zan yi musu ranar Lahadi, wanda zai fi na farko zafi. Sai dai jawabi ba zai binne Baba Ishaku ba. Ƙarfe goma motar gawa za ta tsaya a bakin ƙofa, Mama Florence ta sauko, ta ga wannan ɗan ramin, ta dube ni.

Na zauna a bakin ramin. Addu'ar da na yi gajeriya ce, kuma babu Turanci a ciki.

Bakwai da kwata na ji ƙarar keke napep. Ɗaya, biyu, har biyar. Samari suka riƙa dirowa da diga da shebur, 'yan mata da jarkokin kunu. A gaba Dattijo Mshelia ne, babban dattijon coci, riƙe da dogon karan dawa.

Na miƙe. “Ina kuka tsaya? Na ce ƙarfe shida!”

Phebe ta ce, “Ƙarfe shida muna gidan makoki, Shugaba. Kai muka yi ta jira.”

“Gidan makoki kuma?”

Dattijo Mshelia ya dube ni, ya dubi ramin. “Ɗana, a ina aka taɓa fara kabari daga maƙabarta? Gida ake fara zuwa. A gaida mai takaba, a yi addu'a, a auna akwati da kara, sannan a taho.” Ya kwantar da karan a kan ramina. Ya zarce shi da kusan kamu ɗaya. “Ishaku dogo ne. Da wa ka auna wannan?”

“Da tef, Baba.”

“Tef ɗin ya san Ishaku?”

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda idonsu ke ja da kuka. Wani ya ce, “Shugaba kansa ya auna!” Ni ma na yi dariyar, hawaye na zubo mini, ban damu a gani ba.

Na ce wa Phebe, “Me ya hana ku amsa saƙona?”

Ta ce, “Ana amsa kiran kabari ne? Zuwa ake yi.” Ta miƙo mini kofin kunu. “Sha. 'Yan ɗaukar hoto sun iso.”

Dattijo ya ce wurin da na zaɓa ba laifi, a ƙara tsawo kawai. Ya yi sara ɗaya da kansa, ya ba samari digar. Bibbiyu suke shiga, in sun gaji wasu su karɓa, 'yan mata na ta da waƙa. Na ƙirga mutum ashirin da shida. Da layi ya zo kaina na karɓi diga da hannun nan mai bororo, ba wanda ya ce in bari.

Tara da rabi Dattijo ya zura karan cikin ramin, ya kwanta daidai.

Da Mama Florence ta iso, ta tsaya ta daɗe tana kallon kabarin, sannan ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ta ce, “Ashe Ishaku yana da 'ya'ya.”

Ban janye maganata a kan anko ba, kuma zan sake ta. Amma na roƙi Dattijo Mshelia ya zo taronmu na Lahadi da karan nan, ya koya mana abin da ya sani, ni a layin gaba.