Ranar da Sunayen Hotuna Suka Goce

Abdulsamad direba ne, shekararsa goma sha ɗaya yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Abin da ya bambanta shi da sauran direbobin tasha wata kyamara ce da ya saya a gwanjo a Kano, wadda yake naɗewa cikin tsohon rawani ya ajiye ƙarƙashin kujerarsa. Ba ya zuwa ɗaukar biki, ba ya karɓar kwabon kowa. Abin da ya kama masa ido kawai yake ɗauka: shanun noma a gonakin Kiyako, mata masu sussukar gero, duwatsun bayan gari idan ruwan sama ya wanke su.

Da hotunan suka yi yawa, sai ya ƙudura zai yi musu shafi a intanet, nasa na kansa. Matarsa Zulfa ta ce, "Ka riƙa turawa a waya mana kamar kowa."

Ya ce, "Na waya yau ka gani, gobe ya nutse. Ni ɗaki nake so in gina musu."

Ginin ɗakin ya ci masa wata huɗu. Babu wanda ya koya masa, bidiyon koyarwa yake kallo yana maimaitawa har ya gane. Sabis kuwa ba ya tsayuwa sai a bayan tasha, kusa da masu faci, nan yake tsugunawa cikin ƙaurin roba yana ɗora hoto. Sau da yawa hoto zai hau har ya kusa ƙarewa, sai sabis ya ɗauke, a koma farko. Ya yi tsaki har masu facin suka daina juyowa. A haka ya ɗora hoto ɗari da tamanin da shida, kowanne ya rubuta masa bayani a ƙasa da ɗan yatsansa.

Sai dai babu mai shiga. Akwai wurin da shafin ke nuna yawan baƙi. A mako ba ya wuce huɗu, biyu daga ciki shi ne, ɗaya Zulfa ce idan ya matsa mata. Ya rubuta adireshin shafin a bayan motarsa, ya faɗa wa fasinjoji, ya faɗa a majalisa. Kowa ya ce masa "madalla", ba wanda ya duba.

Wata safiya, ranar kasuwar Gwaram, yana jiran layinsa a tashar Birnin Kudu, sai saƙo ya fito cewa shafin na buƙatar sabuntawa. Ya yi kwana goma yana ganin saƙon yana kau da kai. Ran nan ya gaji, ya danna. Kafin abin ya gama juyawa aka kira lodinsa, ya jefa wayar a aljihu ya tayar da mota.

Yana shiga tashar Gwaram ya ga direbobi sun taru a gindin darbejiya, kai a haɗe kan waya guda, ana ta ƙyaƙyata dariya. Da suka hango shi sai dariyar ta ƙaru. Wani ya ɗaga murya, "Ga mai hoto nan! Alhaji na nemanka."

Alhaji Maikano shi ne shugaban direbobin tashar, dattijo mai furfura da ba a wasa da shi. Abdulsamad ya taɓa ɗaukarsa hoto yana zaune kan benci, ya jingina da bango, ido a lumshe, hoton da yake ji da shi ƙwarai. Ya same shi a kan wannan bencin, fuska a murtuke.

Ya durƙusa ya ce, "Barka da hantsi, Alhaji."

Alhaji ya harare shi. Waya ya miƙa masa. "Karanta. Da ƙarfi."

Abdulsamad ya duba. Hoton Alhaji ne, a ƙasansa an rubuta: "Tsohon jakin Manu yana hutawa bayan ya sauke kaya."

Ya ja shafin ƙasa da sauri. Ga jakin Manu, mai dakon hatsi daga Fagam, a ƙasansa an rubuta: "Inna Tani mai ƙosai, shekara talatin a tasha." Ga Inna Tani kuma ta zama "Tsohuwar kuka a hanyar Maruta." Nan ya gane abin da ya faru: sabuntawar nan ta tura kowane bayani ya goce, ya koma kan hoton da ke gabansa, tun daga na farko har na ƙarshe.

"Alhaji, wallahi ba ni na rubuta haka ba. Na'ura ce ta..."

"Na'ura ta san Manu? Ta san yana da jaki?"

"A'a, rubutun nawa ne, amma ba a kanka na yi shi ba."

"To ga shi a kaina. Surukina ne ya turo min daga Kano. Daga Kano, Abdulsamad!"

Ashe wani fasinja ne da ya karanta adireshin a bayan motar ya shiga da safen nan, ya ga abin, ya watsa a zauren direbobi na waya. Abdulsamad ya leƙa wurin ƙidayar baƙi: dubu ɗaya da ɗari uku. Wata shida yana roƙon mutane su shiga, sai yau suka ga dama.

Bai gama da Alhaji ba sai ga Inna Tani ta taho, matsamin ƙosai a hannunta yana ɗigar mai.

"Kai ɗan nan, ni ce tsohuwar kuka? Ni da nake ba ka gyara kullum?"

"Inna, ki yi haƙuri, kuskure ne."

"Kuma sun ce ka sa sunana a kan jaki. Wanne zan ji da shi?"

Ya roƙi a ba shi awa guda. Ya bar layinsa ya wuce, ya shiga neman sabis. Ranar kasuwa ce, kowa na kan waya, shafin ya ƙi buɗuwa. Ya je bakin masallaci, ya hau kan motarsa, ya koma bayan rumfar masu hatsi. Da ƙyar ya buɗe, sai aka ce ya sa kalmar sirri. Ya sa, aka ce ba ita ba ce. Ya sake, aka ce ba ita ba ce. A na uku aka rufe shi na minti talatin. Ya zauna kan buhun dawa ya dafe kai. Da lokacin ya cika, cajinsa ya rage kashi huɗu.

A wurin mai cajin waya ya ƙarasa yinin, tsaye, wayar na jone da igiya gajeriya. Ya nemi maɓallin da zai mayar da komai yadda yake, babu. Dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da na Alhaji, sannan na Inna, sannan jakin. La'asar ta yi yana kan na talatin da biyu. Ya koma Birnin Kudu da fasinja uku da buhun gyaɗa.

Zulfa ta tare shi a tsakar gida tana danne dariya. Ya ce, "Ke ma kin gani?"

"Har maƙwabta. Ka ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hotona? Wai rumbu ne da ya cika."

"Ba ni na... Kai! Goge shi zan yi gaba ɗaya in huta."

"Goge mana," in ji ta, ta ajiye masa tuwo. "Gobe kuma ka tashi kana neman abin da za ka yi wa tsaki."

Bai goge ba. Kwana biyar ya yi yana gyara, tsakanin lodi da lodi. A wajen gyaran ya gano har da kurakuransa na asali: wata gona da ya ce ta Kiyako ce ashe ta Maruta ce, mutum uku suka rubuto suna yi masa gyara, ɗaya har da faɗa. Manu ma ya aiko a gaya masa jakinsa ba tsoho ba ne, shekararsa shida, a cire kalmar kada ta karya masa daraja ranar sayarwa. Ya cire.

Ran na shida ya sayi goro ya je ya ba Alhaji Maikano haƙuri a gaban jama'a, ya nuna masa an gyara. Alhaji ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hoton.

"Yanzu mutum nawa suka ga wannan?"

"Sun fi dubu biyu, Alhaji."

"Dubu biyu sun gan ni ina gyangyaɗi da tsohuwar riga." Ya cire tabarau. "Ran Juma'a bayan an sauko, ka zo da abin naka. Zan sa babbar riga. Direbobin tasha duka za su zo, kowa ka ɗauke shi da motarsa, ka sa a ciki."

"Alhaji, ni ba irin wannan hoton nake yi ba. Kuma Juma'a ce kaɗai ranar hutuna."

"Na yafe maka ko ban yafe ba?"

Ran Juma'a Abdulsamad ya tsaya a tsakiyar tashar Gwaram cikin rana, kyamara a wuya. Direba arba'in da ɗaya, kowa ya sha guga da turare, an wanke motoci an jera. Ya ce su tsaya yadda suka saba, suka ƙame kamar sojoji. Ya ce su saki jiki, wasu suka ɗaga yatsa biyu. Kafin ya ɗauki ko guda, gardama ta ɓarke kan motar wa za a fara da ita, ta wanda ya fi shekaru ko ta wanda ya fi daɗewa a tasha. Abdulsamad ya sauke kyamarar, ya je wurin Inna Tani ya ce ta zuba masa ƙosai, ya zauna yana ci yana jiran su gama.