Saura Nana

Cindo ya murɗe wuyan raƙumin iya ƙarfinsa. Kan ya karye, amma ya ƙi faɗuwa, sai reto yake, zare-zaren takarda sun riƙe shi.

"Wane irin abu ne ka gina haka, Sale? Ko karyewa bai iya ba!"

Daga cikin ɗaki aka yi dogon tari, sannan muryar Sale maƙwabcinsa ta fito da ƙyar. "Takardar buhun siminti na kirɓa cikin yumɓun. Ba ya tsagewa, ba ya hwashewa. Ruwa za ka sa musu."

Duk Maijirgi an san Sale da wannan sana'a. Da an gama girbi sai ya jiƙa takardu a kwatarniya har su yi laushi, ya kirɓa su a turmi, ya kwaɓa da yumɓu, ya gina shanu da jakuna da mata masu tulu. Ba ya gasawa, rana ke busar da su. Yara su saya ranar kasuwa, Kiristocin garin su sayi tumaki lokacin Nowel, wato Kirsimeti. Shi kuwa Cindo mai amalanke ne, bakinsa ba linzami. Shekara da shekaru in ya leƙo ta danga sai ya ce, "Yi ta gini! Gobe ƙiyama za a ce ka busa musu rai, sai mu gani." Sale ya yi dariya ya ce, "Da jakinka zan soma, ya rama dukan da kake mai."

To, yanzu ciwo ya kwantar da Sale. An kai shi asibitin Tasawa an dawo da shi, ƙafafu sun kumbura, kuma maganar nan da ya saba yi wa dariya ta zo ta zauna masa a ƙirji. Da hantsi ya aiki matarsa Zara'u ta kirawo Cindo. Sale ya ce, "Kai ka hwaɗa, kai za ka yi. Kada in tahi in bar ko guda."

Cindo ya jawo babban daro, ya cika da ruwan randa, ya shiga jefa su ciki. Ƙahonin shanu suka lanƙwashe, ƙafafun jakuna suka saki, ruwa ya yi kauri. Zara'u ta juya baya, wai tana tsince gero.

Can ƙasan kwando ya ga wani abu naɗe cikin tsumma. Ya kwance. Mace ce da tulu a ka, hannu ɗaya a ƙugu, kafaɗar hagu ta ɗan sauka. Fuskar ba wata fuska ba ce, ido ma ɗigo biyu ne. Amma Cindo ya tsaya cik. Haka Nana matarsa ke tsayuwa bakin rijiya in tana jiran guga. Ta daɗe a ƙasa, ko hotonta babu a gidansa.

"Zara'u, yaushe ya yi wagga?"

"Shekarar da ta rasu. Ya so ya ba ka, ya ce zagin shi za ka yi."

Gaskiya ne kuwa, da ya zage shi. Ya zura ta aljihu, ya sunkuya ya shiga ɗakin.

"An gama?" in ji Sale.

Cindo bai iya ƙarya ba. "Saura ɗaya."

"Nana ce?"

"Ita ce."

Sale ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya kama bakin rigar Cindo. "Ashe kai ma. Ka taimake ni, ɗan'uwa. Ban iya busa mata rai. Da na iya, ai da tuni na yi maka."

Cindo ya kau da kai. "Bari in yi azahar tukun."

Ya je ya zauna gindin itacen bedin ƙofar gida, ya fiddo ta yana kallo. Ba nauyi gare ta, takarda ta sa ta yi sakayau. Aka yi azahar, ya dawo ya zauna. Ya ce wa ransa, da an yi la'asar shi ke nan. Ba a kai ga kiran la'asar ba ya ji salatin Zara'u daga cikin gida.

Ya tashi da gudu, babba da shi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tsunduma ta cikin daron, ya danna da hannu biyu, yana murzawa da sauri kamar zai cim ma wani. Hannun nan na ƙugu shi ne ya narke a ƙarshe.

Kafin magariba aka kai Sale. Da aka jera itace bisa kabari, aka ce a kwaɓo laka a liƙe, sai Cindo ya sauke daron daga amalanke.

"Ku sa wanga," ya ce. "Ba ya tsagewa."

Shi ya durƙusa ya bi kowace kafa ya liƙe, har daron ya koma wayam, sannan aka tura ƙasa.

Da suka dawo mutane suka yi layi bakin masallaci suna alwala. Wani ya miƙo wa Cindo buta. Ya tsuguna, ya dubi hannuwansa. Yumɓun ya bushe a kansu, ga ƴan zaren takarda sun maƙale tsakanin yatsu. Ladan ya tada iƙama, yana nan tsugune, bai zuba ruwan ba.