Ƙwaryar da Aka Wanke da Jabel

Warin jabel, ruwan bilicin nan mai kashe ƙwayar cuta, ya cika tsakar gidan tun kafin Ummusalma ta gama tsiyaya shi. Ruwan ya sauka cikin ƙwaryar, ya bi ɗinkin da ke gefenta, ya soma cin farin danƙon da nono ya yi shekaru yana shimfiɗawa. Ƙanenta Sadiƙu na tsaye a kanta, riga a soke cikin wando, kamar ma'aikacin duba-gari da ya kama mai laifi.

"Ƙara, Yaya," in ji shi. "Ƙwayar cuta ba ta jin lallashi."

Ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

Ƙwaryar nan ba ta taɓa ganin ko sabulu ba. Shekara bakwai da suka wuce, da Ummusalma za ta baro Damagaram ta bi mijinta Mahamane magini zuwa Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, mahaifiyarsu ta tsoma farin ƙyalle cikin nononta, ta shanya shi a inuwa, ta ƙulle mata a bakin zane. Da ta iso, ta jiƙa ƙyallen cikin madara mai ɗumi, kashegari nono ya kama, da tsaminsa da ƙamshinsa irin na gida. Tun daga ranar take rage kaɗan a gindin ƙwarya domin ya kama na gobe. Tsohuwar ta rasu, nononta bai rasu ba. Da shi Ummusalma ke dama furar da leburori 'yan Nijar ke sha da tsakar rana a shantiye, wato wurin ginin da mijinta ke aiki.

Sai bazarar shekarar 2003 ta zo da gudawa. Ta kama leburorin ɗaya bayan ɗaya, har Mahamane, wanda ya koma sauka daga kan tsani sau biyar kafin azahar.

A daidai wannan lokaci Sadiƙu ya dawo daga wata tafiya da kwalaye a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ya yi lekkol, makarantar boko, har aji uku na kolej, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ya kafa tebur a bakin shantiye, ya jera ƙananan kwalabe masu rubutun Faransanci, ya sanar cewa sunan maganin furobiyotik. Ya bayyana wa jama'a cewa cikin ɗan Adam filin daga ne, akwai sojojin kirki, akwai 'yan tawaye, kuma kowane kafso ɗauke yake da miliyoyin sojoji masu rai. Bayanin ya yi wa leburorin daɗi ƙwarai. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar siminti yana son a ce masa yana da runduna.

Wani ya tambaya ta ina 'yan tawayen suka shigo. Sadiƙu ya sunkuyar da kai kamar wanda gaskiya ta yi wa nauyi, ya ce ba ya son faɗa, domin abin ya shafi gidansu, amma ƙwaryar da ba a wanke ta da sabulu me ake tsammani daga gare ta?

A bakin mutane Ummusalma ta ji wannan magana, ba a bakinsa ba. Kwana uku tana kai fura tana dawowa da ita. A rana ta huɗu ta aika a kira shi, ta ce idan hannunta ne ke kwantar da mijinta, to ya nuna mata yadda za ta gyara. Shi ne ya zo da kwalbar jabel.

* * *

Mako biyu Mahamane yana haɗiyar kafson sojoji uku a rana. Idanunsa suka faɗa, wandonsa ya koma sai da igiya. Ran da ya kasa miƙewa daga tabarma, Ummusalma ta nemi mota ta kai shi wani ƙaramin asibiti a gefen unguwa.

Matar da ke ba da magani a taga 'yar Agadas ce, Hausarta da sauran karin Tamashek a ciki. Ta tambayi abin da majinyacin ke sha. Ummusalma ta miƙa mata kwalbar da hannu biyu, da ɗan alfahari, domin ba kowane gida ne ke da maganin Faransa ba.

Matar ta juya kwalbar, ta karanta, ta sake juyawa.

"A ina kike ajiye shi?"

"Cikin akwati."

"Wanda ya sayar fa?"

"A kan tebur, a shantiye."

"A rana?" Matar ta cire tabarau. "'Yar'uwa, an rubuta a nan cewa a sa shi cikin sanyin firigo. Abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Kuma wa'adinsa ya wuce tun bara. Gari ne kawai mijinki ke haɗiya."

"To mene ne a cikinsa, in yana da rai?"

"Irin abin da ke sa madara ta zama nono. Ga shi nan a rubuce. Ba ki san nono ba?"

Ummusalma ta ce ta sani, da shi take dama furar da aka ce ita ta kawo cutar.

"To ba shi nono mai kyau, da ruwan gishiri da sukari, da wannan da likita ya rubuta. Wane ruwa suke sha a wurin aikin?"

"Na tano, babbar duro. Mota ke kawowa."

"A tafasa. Tun safe mijinki ne na shida daga shantiyen gini, kuma sauran biyar ba su taɓa ganin furarki ba."

Ummusalma ba ta yarda nan take ba. Matar baƙuwa ce, Sadiƙu kuwa a bayanta ya yi barci yana jariri. Da ta koma gida ta ɗumama madara, ta raba biyu. Rabi ta zuba cikin ƙwaryarta, rabi cikin kwano, ta fasa kafso shida a kai, ta rufe duka da faifai. In akwai rai a ɗayansu, madara za ta faɗa.

Da gari ya waye ta buɗe. Na ƙwarya ya tsinke, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa, yana wari. Na kwano ma haka. Babu wanda ya kama.

* * *

Ta isa shantiye ana gab da tashi cin abinci. Sadiƙu ya sayi laima, amma kansa ya kafa wa, kwalaben suna rana. Ta ajiye kwanon a kan tebur, ta ɗaga faifan.

"Sojojinka ne," ta ce. "Na ba su madara, ba su tashi ba."

Ya dubi kwanon, ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Yaya, rufe wannan. Mu yi magana a gida."

"A gida ka yi tawa? Ka karanta abin da ke jikin kwalbar nan?"

"Na karanta."

"Duka? Da firigon, da wa'adin, da cewa abin da ke ciki shi ne abin da ke cikin nonona?"

Ya shiga gyara jerin kwalaben da ba su karkace ba. Ta so ya ce bai gane Faransancin ba. Da ta karɓi wannan, da ta yafe masa aji ukun nan nasa gaba ɗaya.

"Ki duba lamarin da hankali," in ji shi daga bisani. "Na riga na ɗauko kayan. Muddin suna shan naki, wa zai kalli nawa? Nono ne fa, Yaya. Ki je wajen matan ƙauyen Silet ki samo wani."

"Inna ce ta shanya ƙyallen nan, Sadiƙu. Kana tsaye a wurin. Kai ka kore mata kaji."

"Allah ya ji ƙan Inna. Mu da muka rage sai mun ci abinci."

"Mahamane fa? Shi ya biya maka mota ka zo garin nan."

"Ai ba guba na ba shi ba."

Ya faɗi haka da natsuwar mutumin da ya bincika zuciyarsa ya same ta fes. Sannan ya matso, ya kama bakin mayafinta kamar yadda yake yi yana ƙarami.

"In kika buɗe baki, mutanen nan za su karya ni. In jandarma suka zo, ba ni da takarda, a iyaka za su zubar da ni. Kwali biyu suka rage. Na rantse daga su na daina."

Aka buga ƙarfen tashi. Leburorin suka fara saukowa, fuskoki fari fat da siminti, wasu na tafiya a hankali irin ta wanda bai amince da cikinsa ba. Ummusalma ta dube su, ta dubi hannun da ke riƙe da mayafinta. Kalmomin suna bakinta, a shirye, kaɗan ne. Ta ce a ranta za ta faɗi maganar ruwan ko da ba ta faɗi sauran ba. Amma in ruwa ne, to ba nono ba ne, kuma kowa zai juya ya dubi wanda ya ce nono ne.

Ta mayar da faifan kan kwanon.

Wani dattijo mai suna Amadu, wanda ya shekara biyar yana shan furarta, ya ƙaraso ya karɓi kafsonsa. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi jikin maigida.

"Kada ki sa abin a ranki, Uwargida," in ji shi. "Ba da gangan kika yi ba, rashin sani ne. Allah dai ya yi wa ƙanen nan naki albarka. Samun mai ilimi a gida ba ƙaramin abu ba ne."

"Amin," in ji Ummusalma.

Amadu ya taka zuwa tanon da ke gindin bango, ya ture koriyar gansakukar da ke yawo a saman ruwan, ya cika gwangwani. Ya ɗora kafson a kan harshe, ya yi bisimilla, ya kora.